Allon Gadon Uwargida

"Ja mana, Tela! Yadi ne fa, ba kunnen jariri ba," in ji Baba Mai Kushin daga kan kujerarsa.

Na ja har yatsuna suka ɗau zafi. Yadin ya haye kan soson, ya gangaro gefe, ya tsaya cak a bakin katakon. Bai zagayo baya ba, inda ya kamata a buga ƙusa. Na koma ɗaya gefen, nan ma haka. Sai na gane abin da na aikata.

Baba Mai Kushin maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in yana gyaran kujeru kafin ƙirji ya zaunar da shi, ya rufe shago. Yana zaune da 'yarsa da jikarsa mai shekara shida, wadda yake tsokana da Uwargida har sunan ya bi ta. Yarinyar na da farfaɗiya. Mako guda kafin wannan rana ciwon ya tashi tana kwance, goshinta ya daki gefen allon gadon, aka yi mata ɗinki shida. Likita ya riƙe ta a asibiti don a daidaita mata magani, uwarta na can tare da ita, ranar Juma'a za a sallame su. Shi kuwa tsohon ya rantse ba za ta sake kwanciya a gadon nan ba sai ya lulluɓe allon da soso.

Rantsuwa tasa ce, amma hannun ya daɗe da ƙin bin umarni, rawa yake yi ko kofi ya ɗauka. Shi ya sa ranar Laraba da safe ya jawo ƙafa har ƙofata. Ni kuma ɗinkin mutane ya taru min, bayana na ciwo, kuma gaskiya na gaji da zama matar da kowa a layin nan yake bugo wa ƙofa. Na bi shi ina ƙunƙuni.

"Nawa kika bari a gefe?" ya tambaye ni.

"Inci ɗaya, Baba."

"Inci ɗaya." Ya maimaita a hankali, yana kallon silin. "Riga za ki ɗinka wa katakon?"

Shekara ashirin da biyar ina yanka yadi, kullum in auna in ƙara inci ɗaya na ɗinki. Da ya shiga ciki shan magani ya bar ni da almakashi, hannuna ya yi abin da ya saba. Na auna allon, na manta kaurin soso, na manta da abin da za a naɗe ta baya. Kuma yadin ba na kasuwa ba ne yanzu. Shuɗi ne mai kauri da zanen tsuntsaye rawaya, ragowar wani aiki da ya yi tun da daɗewa, yarinyar da kanta ta zaro shi daga akwatinsa ta ce shi take so. Abin da na rage a ƙasa siraran ƙyallaye ne da ba za su yi komai ba.

Da ya yi min faɗa da na fi jin daɗi. Sai ya jingina kai kawai yana numfashi, ƙirjin na fito.

"Mu rage kaurin soson," na ce. "In aka yanke rabi zai kai."

"To me muka yi ke nan? Ado na ce miki ina so? Kan yarinya nake magana."

"Sai a nemo wani yadin."

"Jiya a waya sau uku tana tambayata tsuntsayenta. Ke za ki je ki faɗa mata?"

Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu. Ɗakin ƙarami ne, gadon ya cinye rabinsa, an jingine katifa a bango, ga warin gam ya cika ko'ina. A jikin ƙafar gadon har yanzu akwai ɗigon jinin da tsumma bai kai gare shi ba.

"Akwai dabara ɗaya," na ce. "In samu wani yadi mai ƙarfi in ɗinka masa baki, ya zagaye gefe huɗun. Tsuntsayen su tsaya a gaba, bakin ya sha ƙusa a baya."

Ya harare ni. "Tunda nake ban taɓa sa ɗinki a allon gado ba. Yaro ya samu zare, ya samu aikin yi. Kwana uku ya farke shi."

"Ɗinkin wasu dai. Nawa ba ya farkewa."

"Awonki ma haka kika ce."

Ya fara dariya, tari ya karɓe ta daga bakinsa. Sai da na ɗebo masa ruwa ya lafa. Da ya samu kansa ya nuna bayan ƙofa da haɓa, inda rigar aikinsa ta kaki take rataye, duk tabon gam a gabanta.

"Ɗauki waccan. Bayanta da sauran ƙarfi. Amma don Allah wannan karon ki auna a gabana."

Na auna a gabansa, inci shida, yana gyara min riƙon tef kamar yau na fara sana'a. Yinin ranar a kan keken ɗinki na ƙare shi. Na bi ɗinkin sau uku, allura biyu suka karye. Wata mai ɗinki ta zo karɓar kayanta ta tarar ban taɓa ba, ta faɗa min abin da ta ga dama, na ba ta haƙuri ba tare da na ɗago kai ba.

Ranar Alhamis na same shi ya riga ya shimfiɗa allon a kan tabarma, ya jera guduma da gwangwanin ƙananan ƙusoshi. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya ja, ya sake ja.

"Ba laifi," ya ce. Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Sai na ga ya ɗebi ƙusoshi zai watsa a baki. Haka masu sana'arsu suke yi, su cika baki da ƙusa suna turo ɗaya-ɗaya da harshe, don hannu biyu su samu aiki. Na cafke hannunsa.

"Da wannan tarin? So kake ka haɗiye su in shiga uku?"

"Shekara arba'in ban haɗiye ko ɗaya ba."

"To ba a gabana za ka fara ba."

Ya saki, na ga abin ya yi masa ciwo. Ya koma miƙo min su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa min yadda ake yi. Ba a farawa daga kusurwa. Ƙusa ɗaya a tsakiyar sama, a ja, ɗaya a tsakiyar ƙasa, sannan hagu da dama. Daga nan a riƙa buɗawa waje kaɗan-kaɗan ana shafa gaban da tafin hannu, don kada tsuntsayen su karkace. Sau biyu yana sa ni in cire ƙusa goma saboda wata 'yar tattara da ni ko ganinta ban yi ba. Gwiwoyina suka sage, na daki yatsana, na yi tsaki a fili.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba.

Kusurwa kuwa ya ce ba a koyar da ita da baki. Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya durƙusa. Hannun nan mai rawa, da ya kama yadin sai ya natsu. Ya tura tsakiya ciki, ya kwantar da gefe ɗaya, ya ɗora ɗayan a kai, ta fito sumul, ni kuma na buga. Muka yi ta biyu. A ta uku zufa ta jiƙa masa wuya, leɓɓansa sun canza launi. Na tallafe shi ya koma kujera.

"Baba, ka bari a kai ka asibiti."

"Mutum ɗaya a can ya ishi uwarta. Bayan Juma'a." Ya lumshe ido. "Je ki dafa wa yaranki abinci. Saura ɗaya, in na huta sai mu ƙarasa."

Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji da ya sallame ni. Na tafi ban ko waiwaya ba. Na yi girki, na ɗan kishingiɗa don bayana ya saki, barci ya ɗauke ni. Da na koma rana ta yi sanyi. Yana nan a kujerar yadda na bar shi, kansa ya ɗan karkata, gudumar na kan cinyarsa. Na kira shi sau uku. Na taɓa hannunsa, sai na zauna a ƙasa kusa da allon, na daɗe kafin na iya tashi in kira mutane.

Washegari da safe aka kai shi makwancinsa. 'Yarsa ta baro yarinyar a hannun wata ƙanwar mijinta ta zo, idanunta sun kumbura, ta ce min da yamma za ta koma ta ɗauko ta, likita ya riga ya sa hannu. Tsakar gida cike da mata. Na ratsa su na shiga ɗakin yarinyar na turo ƙofa.

Na kalli kusurwoyi ukun nan na kalli ta huɗun. Na tura tsakiya ciki, na kwantar da gefe, ta ƙi. Na warware na sake. Da na fara bugawa, gidan ya yi tsit. Matar Direba, maƙwabciyarmu, ta leƙo.

"Tela, kanki ɗaya kuwa? Guduma a gidan rasuwa?"

"Ja min ƙofar, Yaya," na ce. "In kin ga mijinki ki ce ya zo da abin ɗaure noti."

Sau biyar na warware. A ƙarshe ta tsaya, amma da ƙullutu a gefe, duk wanda ya gani zai san ba hannu ɗaya ya yi su ba. Na latsa ta da ƙarfi na ji babu katako a ƙarƙashin yatsa, na bar ta haka. Direba da Mai Shagon layinmu suka ɗaga allon suka ɗaure a jikin gadon, muka mayar da katifa, na shimfiɗa zanin gado.

Da yamma suka iso. Yarinyar ta rame, ga filasta a goshi. Ba wanda ya faɗa mata komai tukuna. Ta ratsa matan nan ba ta kula kowa ba, ta shige ɗakinta ta haye gadon da takalmanta. Ta ƙirga tsuntsayen da yatsa har ta ɓata lissafi. Sannan ta juya baya, ta kai ƙeyarta jikin allon a hankali, ta sake kaiwa da ɗan ƙarfi.

"Mama, ba zafi," ta ce. "Kira Kaka ya zo ya gani."

"To," in ji uwar. "Kwanta ki huta tukuna."

Ta kwanta, kumatunta a jikin soson, motar da ta kwaso su ta riga ta gajiyar da ita. Uwar ta zauna a bakin gadon ta zare mata takalmi ɗaya. Ta riƙe shi a cinya da hannu biyu, ɗayan yana nan a ƙafar yarinyar.