Inna Sadiya a Bakin Tafki

"Ku sauke ni nan," in ji Inna Sadiya. "Sai ka ce buhun gero kuka ɗauko."

Ɗanta Ɗalhatu da mijina Harrison suka ajiye kujerar robar da suka tallabo ta a kai, dab da inda ciyawa ta ƙare ruwa ya fara. Ta gyara mayafinta, ta ƙura wa tafkin ido, ta shaƙi iska har ƙirjinta ya yi ƙarar nan da muka saba ji.

"Ruwa ne kam," ta ce. "Amma ba ya ƙarni. Wane irin ruwa ne babu ƙarnin kifi?"

Muka kwashe da dariya. Rabon da in ji ta yi ba'a haka tun kafin a kwantar da ita asibiti.

Ni Magret, maƙwabciyarsu ce a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, ƙofarmu tana kallon tasu. Ni 'yar Kafanchan ce, Kirista, ita kuwa mutuniyar Yawuri ce, a bakin kogi ta tashi, sayar da bandar kifi ta yi har ta tsufa. Jegon surukarta Safiya ne ya kawo ta Dubai, ciwon zuciya kuma ya riƙe ta. Duk ranar da ba ni da aiki a otal, sai ta aiko a ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce bene ya ishe ta, ko tagar ta leƙa sai motoci, ni kaɗai ce mai Hausar da ba ta gauraye da Turanci ba. Ƙarya take, tawa ma ta gauraye, zaman take so.

Da likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tafiyar jirgi ba, sai Ɗalhatu ya ce tunda Inna ba za ta je gida ba, to gida zai zo wajenta. Ya kama hayar wani makeken gida a bakin tafki, can hanyar Hatta tsakanin duwatsu, a hutun farkon Disamba. Ƙanwarsa Nana Firdausi ta taso daga Kaduna da mijinta da 'ya'yanta, 'yan uwan da ke Sharja da Ajman su ma suka hallara. Ni dai na so in noƙe, na ce taron dangi ne. Inna ta ce in babu Magret su yi tafiyarsu su bar ta.

Gidan ya cika maƙil. Ɗakunan sama na ma'aurata, falo kuma yara suka baje katifu a ciki, kowane soket akwai waya a maƙale. Tukwanen gidan na Turawa ne, ba wadda za ta ci tuwon mutum biyar, sai da Safiya ta sa aka koma gida Deira aka ɗauko babbar tukunyarta. Firdausi ta zo da kuka da daddawa da yajin gida. Kafin la'asar ƙamshin daddawa ya kori turaren da masu gidan suka fesa. Inna tana zaune a baranda tana ba da umarni, a rage wuta, a ƙara kanwa, wane ne ya koya wa yarinyar nan yanka kifi ta baya. Jikarta Muhsinat, 'yar autar Firdausi, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta maƙale mata ko'ina, ita kuma tana ce mata ƙawata.

Washegari da hantsi ina wanke shinkafa a kicin Firdausi ta biyo yayanta ciki. Ba su damu da ni ba.

"Yaya, ni fa da ita zan koma."

"Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Likita ne Allah? Da bakinta ta sha gaya mini kusa da Baba take so a sa ta. Ka riƙe ta a ƙasar mutane, ba dangin iya ba na baba."

"To in ta cika a sama fa? Tsakanin nan da Kano, a kan kujera, cikin baƙi? Ke za ki iya ɗaukar wannan?"

"Da ka maido ta tun tana da ƙarfi ai da ba mu zo nan ba."

Ɗalhatu mutum ne mai faɗa a ofishinsu na kargo a Port Saeed, amma ranar bai ɗaga murya ba. "Khalas, ya isa, Firdausi," ya ce a hankali, ya fice. Ita kuma ta jingina da firij ta rufe fuska da gyale. Ɗakin Inna yana jikin kicin ɗin, kuma tagarsa a buɗe take.

Inna ba ta tayar da maganar ba sai bayan azahar. Ta sa aka fito da ita baranda, ta kira ni.

"Magret, zo ki tsefe mini kan nan. Ya yi wata nawa ban sani ba."

Na zauna a kujera, aka shimfiɗa mata darduma da matasai ta jingina da gwiwoyina. Gashin ya yi fari tas, ya yi laushi kamar auduga, ga shi kaɗan. Ina taɓa shi a hankali, ta ce in ja da kyau, ita ba jaririya ba ce. Na shafa man kaɗanya na fara yi mata shuku.

"Kin ji su ɗazu?"

"Na ji, Inna."

"Dukansu gaskiyarsu. Shi ya sa abin ya yi musu zafi." Ta ɗan huta. "Ke in kin mutu a nan, ina za a kai ki?"

Na ce ban taɓa tunani ba. Ta ce ƙarya nake, duk wanda ke zaune a ƙasar wani ya taɓa. Na yarda na ce Kafanchan, bayan cocinmu, inda mahaifiyata take.

"Allah ya kai ki da tsufa," ta ce. "Kira mini su."

Suka zo suka durƙusa a gabanta, kowa ya kawar da kai daga ɗan'uwansa. Ɗalhatu ɗanta na fari ne, don haka tsawon zamana da su ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ko ta dube shi ido cikin ido. Sai dai ta ce a gaya wa wancan, ko mai gidan nan. Ranar kuwa ta ɗago ta dube shi sosai.

"Kai, ka yi mini duk abin da ɗa yake yi. Kar in ji ka sa wa ranka wani abu." Ta juya ga Firdausi. "Ke kuma, na faɗa miki haka, gaskiya ne. A lokacin ina ganin ni ke zaɓa. Ubanku ba ya cikin ramin nan yana jirana, yana inda za ni. Inda na faɗi, nan za ku sa ni, kuma ku yi sauri. Kar a saka ni a akwati a yi ta yawo da ni kamar kayan yayanki."

Firdausi ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a cinyarta. Inna ta dafa ta.

"Abu ɗaya nake so. Ƙafata ta yi kewar ruwa. Ba na famfo ba."

Ɗalhatu bai aiki kowa ba, ga samari cike da gida. Ya shiga kicin ya ɗauko robar wanke-wanke, ya naɗe ƙafar wandonsa ya gangara. Muna kallonsa ya shiga har gwiwa, ya kore ganyayen da ke sama da hannu, ya ɗebo. Ya hawo yana tangaɗi, rabin ruwan ya zube a rigarsa. Firdausi ta karɓa ta ajiye, ta ɗaga ƙafafun Inna da suka kumbura ta sa a ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Wash," in ji Inna, ta lumshe ido. "Da sanyi. Ashe dai ruwan gaske ne."

Firdausi tana cuɗa mata ƙafa, Ɗalhatu yana zaune a ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga, ni ina ƙarasa kitso. Can ƙasa yara suna jifan ruwa da tsakuwa suna gardamar ta wa ta fi nisa. Inna ta fara ba mu labarin wata shekara da kogi ya kawo har cikin kasuwar Yawuri, mata suka riƙa kama tarwaɗa da zani. Tana cikin labarin muryarta ta yi ƙasa. Na ɗauka gyangyaɗi ne. Saura mini layi ɗaya na ji kanta ya yi nauyi a gwiwata, irin nauyin da ba na barci ba.

"Safiya," na kira, ban ɗaga murya ba.

Safiya ta fito da gudu, ta duba, ta durƙusa dab da kunnenta tana maimaita kalmar shahada. Leɓen Inna ya motsa tare da nata. Daga nan bai sake motsi ba. Ɗalhatu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sa hannu ya shafe mata ido. Ni ban san abin da ya kamata in yi ba, hannuna yana cikin gashinta. Na dubi Firdausi.

"Ƙarasa mata, Anti Magret," ta ce.

Na ƙarasa, na ɗaura mata ɗankwalinta.

Motar asibiti ta zo, hukuma ta yi nata aikin, maza suka bi ta gari. Da takardu suka kammala aka yi mata sutura a nan Dubai. Harrison ya bi su har maƙabarta ya tsaya daga gefe. Firdausi da kanta ta shiga gari ta zaɓo likkafanin.

Mu mata da yara mun zauna a gidan tafkin har ranar da za a mai da makulli. Muka share ko'ina, muka naɗe katifu, aka kai tukunyar Safiya mota. A bakin ƙofa takalma sun yi tsibi, kowa ya zo ya laluba ya zari nasa ya wuce. Da aka watse sai ga silifas ɗin Inna ruwan ƙasa guda biyu a kan tabarmar ƙofa, dunduniyarsu ta lotsa ta gefe ɗaya. Muka tsaya ni da Safiya da Firdausi, ba wadda ta sunkuya.

Muhsinat ta fito daga ciki da takalmanta a hannu. Ta dube su, ta zura ƙananan ƙafafunta a ciki, ta gangara matakala a hankali tana jan su a kan tsakuwa har wajen mota.