Jiran Larai a Tashar Sheme

Tun da hantsi Malam Yahuza ke kai da komowa a tashar Sheme. Ya murza keken guragunsa zuwa bakin titi, ya leƙa hanyar Faskari, ya koma ƙarƙashin rumfar 'yan kamasho, kafin gumi ya bushe masa ya sake fita. Ruwan da aka yi jiya ya bar tashar da caɓi, tayoyin keken sun bi ko'ina sun tsattsaga kamar an yi huɗa.

Shan-inna ya shanye masa ƙafafu tun yana goye, don haka ya daɗe da sanin wahalar hanya. Direban Sabuwa ya sauke mutum a Faskari ya juya. Na Faskari ya hango keke ya ce mota ta cika. Na Sheme ya ce sai an gama lodin buhuna. Mai ƙafa yakan ruga ya kama kujera, gurgu kuwa ya wuni yana kallon motoci suna tashi.

Da aka ba shi shugabancin ƙungiyar guragu da makafi ta yankin, sai ya ɗauki abin da zafi. Ya ƙare rani yana bin shugabannin direbobi daga Sabuwa har Ƙanƙara, wani ya saurare shi, wani ya yi masa dariya, har dai suka gaji da shi suka yarda. Aka tsayar cewa idan mai lalura zai yi tafiya, a bar masa kujerar gaba, direban da ya ɗauko shi kuma kada ya juya sai ya damƙa shi hannun na gaba.

Yau ne gwajin farko. Wata ƙungiya ta kawo masu haɗa ƙafar roba Ƙanƙara, yau za su gama awo su koma. Akwai wata Larai a Sabuwa, wadda ta taka ƙusa a gona bara, ciwon ya ruɓe, aka yanke mata ƙafa daga gwiwa. Mijinta ya rasu, 'yarta kuma tana jego, babu mai rako ta. Malam Yahuza bai taɓa ganinta ba, a waya kawai ya ce mata ta taho, babu inda za a bar ta.

"Malam, motata fa ta cika," in ji Gide, direban da zai kai ta Ƙanƙara. Yana jingine da tsohuwar motarsa, kujerar gaba ce kaɗai babu kowa. "Mutanen ga na son su wuce da sauran rana. Ka san hanyar."

Ya san hanyar. Babu mai son yamma ta yi masa a dajin da ke tsakanin Sheme da Ƙanƙara a wannan zamani.

"Tana tafe, Gide. Yanzun ga za ka gan ta."

Ya kira Kamilu, direban Sabuwa. Kamilu ya rantse ya sauke ta a Faskari tun ɗazu, ya kuma nuna wa Hadi, direban Faskari, ita. Ya kira Hadi, waya ta ƙi shiga. Ya ɗaga ta sama, ya murza keke zuwa gindin dalbejiya inda sabis ya fi kamawa, ya sake kira. Shiru. Ramatu mai ƙosai ta miƙo masa ruwa a moɗa, ya karɓa ya riƙe, ya manta bai sha ba.

Rana ta take tsaka sannan bas ɗin Hadi ta shigo tana watsa ruwan taɓo. Malam Yahuza ya isa ƙofar tun kafin ta tsaya. Wani ƙato ne a kujerar gaba, da kaji a cinyarsa. Fasinjoji suka firfito. Babu Larai.

"Ina matar?"

Hadi ya diro yana karkaɗe hula. "Malam, ta ƙi hawa."

"Ta ƙi mi?"

"Wallahi na buɗe mata gaba. Ka ga dai tsayin motar. Muka zo ni da kwandasta mu ɗaga ta, ta daka mana tsawa gaban jama'a kamar mun zo yi mata sata. Na lallashe ta, ta kau da kai. Ni kuma ga mutane na ta zagina. In kwana nan?"

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai dama an faɗa, masu lalura ba a iya musu. Malam Yahuza ya ji maganar har cikin ƙirjinsa. Haushin Hadi ya kama shi, na Larai ya fi. Duk yawon da ya sha cikin zafin rani, mace ɗaya ta zo ta watsar da shi a bakin mota saboda taurin kai.

Gide ya tayar da injin. "To, Malam, Allah ya kai mu wani jiƙon."

Malam Yahuza bai san lokacin da ya murza keke ya gitta shi a gaban motar ba. Ya ɗora hannu a kan murfin injin mai zafi, ya ƙi ɗagawa.

"Haba Malam! Mi ye haka?"

"Ka yi mani alkawari."

"Ita ta saɓa, ba ni ba!"

Fasinjoji suka hau surutu. Wasu suka sauke kayansu suka koma motar da ke bin layi. Gide ya kashe injin, ya fito ya buga ƙofa, ya tafi bayan rumfa yana ta faɗa shi kaɗai. Malam Yahuza na nan a rana. Shi ma bai san abin da yake jira ba. Ya yi tunanin ya hau mota ya nufi Faskari, sai ya tuna za su iya saɓani a hanya. Ya kira lambar da yake samun Larai da ita, ta 'yarta ce, ita kuma ta hau kuka da jin ba a ga uwarta ba.

An idar da azahar ke nan wata a-kori-kura ta masu hatsi ta tsaya a bakin titi. Mata biyu ne a gaba kusa da direba. Ta farko ta diro, kakkaura ce mai ɗaurin zani har ƙirji, hannunta da maiƙon miya. Ta leƙa tashar ta ƙwala kira.

"Ramatu! Zo ki kama mani!"

Ramatu ta bar kaskonta ta rugo. Su biyu suka tallabo ɗayar, suka sauko da ita a hankali, suka gyara mata zani, suka miƙa mata sandarta. Doguwa ce, siririya, fuskarta a ɗaure.

"Wane ne Malam Yahuza?"

Ya matso da faɗa cike da bakinsa, amma ta riga shi.

"Kai ka ce in taho. Ka ce ka shirya komi. Ka shirya wanda zai ɗaga ni?"

"Ai direban..."

"Direban namiji ne, Malam. A Sabuwa matan gidanmu suka sa ni mota. Na zo Faskari, maza biyu da ban sani ba suka nufo ni, ɗaya zai kama ni ta hammata, ɗaya ta cinya, tasha cike da mutane. Kai in aka sungume ka babu mai kallo. Ni fa? Ƙafa aka yanke mani, ba a yanke mani kunya ba."

Hadi ya sunkuyar da kai yana wasa da makullinsa. Duk zaman da Malam Yahuza ya yi da shugabannin tasha, maza ne zalla, shi ma bai taɓa tambayar mace ko ɗaya daga cikin ƙungiyarsa yadda take hawa mota ba.

"Ki yi haƙuri, Larai," ya ce. "Ban hango wannan ba."

Wadda ta rako ta Blessing ce, mai sayar da tuwo a tashar Faskari. Ta ce ta ga baiwar Allah zaune a rana tana share hawaye, ta tambaye ta, ta bar tukwanenta a hannun maƙwabciya.

"Abin ba wuya," ta ce. "Kowace tasha akwai mu. A faɗa mana kawai. Amma ni zan juya, miyata na kan wuta."

"To a Ƙanƙara wa zai sauke ta?" in ji Malam Yahuza. Hankalinsa ya sake tashi, don bai san mace ko ɗaya a can ba.

Ramatu ta ce ƙanwarta Sumayya na sayar da fura a bakin tashar. Ta karɓi wayarsa ta tafi gindin dalbejiya.

Gide ya fito daga bayan rumfa, ya buɗe ƙofar gaba, ya goge kujerar da hularsa, ya ja baya ya ba matan wuri. Bai jira motar ta sake cika ba. Ya tashi da ragowar mutanen da ke ciki, yana duba rana ta gilashi.

Malam Yahuza bai iya cin abinci ba. Sai bayan la'asar waya ta shigo. Sumayya ce. Ta ce sun iske masu awo sun fara naɗe kaya, amma sun auna ta, ita ce ta ƙarshe. Za ta kwana a ɗakinta, gobe da safe ta sa ta mota.

Ya yi hamdala, ya juya keke. Hadi na lodin komawa Faskari.

"Hadi, ɗaure mani keken ga a sama."

"Ina kuma za ka, Malam, da yamman nan?"

"Faskari, wurin masu tuwo. Gobe in wuce Sabuwa. Larai za ta biyo hanyar nan da safe, ban kuma san wa zai sauke ta a Faskari da Sabuwa ba."

Hadi ya yi tsaki, ya ce wa mai kujerar gaba ya koma baya, ya tafi neman igiya.