Fom Ɗin da Aka Yanka Gida Huɗu

A yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma sau uku ina yage shafin nan. In an ga na yi tuntuɓe a wani wuri, a kau da kai. Abin ne ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis ɗin da ya faru.

Goggona ce shugabar wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa marasa lafiya da magani da sandunan dogarawa. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin fenti, tebur biyu, benci ɗaya, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Da aka yi dogon hutu Goggo ta ce in zo in riƙa shigar da fom a kwamfuta, tunda a cewarta zaman ɗaki da littafi ba sana'a ba ce. Kowa a can Tabarau yake kirana.

Mu dai a ganinmu mun iya riƙon sirri. Kwamfutar tana da doguwar lambar sirri. Kabad ɗin fayil a kulle yake, makullin yana cikin jakar Goggo. A bango akwai sanarwar da ni na buga da hannuna: bayananku amana ne, kuna da haƙƙin ku gani, ku gyara, ko ku ce a share.

Sai kuma Baba Sakatare, tsohon akawu, wanda ba ya iya ganin farar takarda ta tafi kwandon shara. Duk fom ɗin da na gama shigarwa, a wurinsa ya gama aiki, bayansa kuma fari ne tas. Sai ya ɗora rula ya yanka shi gida huɗu, ya ɗaure da roba. A kan waɗannan guntaye nake rubuta wa mutane ranar da za su dawo. Wata biyu ina yi, ban taɓa juya ko ɗaya ba, ni da nake karanta har rubutun jikin kwalin sabulu.

Ranar Alhamis da safe wata mai kitso da muka taɓa taimaka wa ta hawo bene. Ta gaishe da kowa a natse, ta ajiye wata guntuwar takarda a gaban Goggo.

"Hajiya, rubutun waye wannan?"

Rubutuna ne, ga abin da na rubuta: Ki dawo ranar Litinin da ƙarfe goma.

"To juya."

Goggo ta juya. Ga sunan mai kitso cikakke, ga layinsu, ga lambar gida.

"Maƙwabciyata kuka ba ranar Talata. Jiya ta shigo mini da ita har ɗaki, wai ashe ni ma ina zuwa nan, me ya same ni? Na ce mata surukata na rako. Ƙarya na yi, da girmana."

"Ai suna ne kawai, 'yata," in ji Baba Sakatare. "Suna ba laifi ba ne."

"Baba, fom ɗin nan da na cike suna kawai ke ciki?"

Ni na shigar da shi, don haka na san abin da ke ciki. A ƙasan sunan akwai tarin fuka, da watannin da ta yi tana shan magani, da lambar wayarta. Lambar nan ita ce rubuce da jan fenti a ƙofar shagonta.

"Na warke wata takwas ke nan, likita ya sallame ni," ta ce. "Amma sana'ata kan mutum a cinyata yake, numfashina a wuyansa. Wace uwa ce za ta kawo mini 'yarta in ta ji? Ku ba ni ragowar takardata."

Goggo ta miƙe da irin muryar da take yi wa baƙi masu kawo ziyara. Ta nuna sanarwar bango, ta ce haƙƙinta ne, ta ce Tabarau ki share ta yanzun nan a gabanta. Na share. Kwamfuta ta tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata.

"An share ki, ƙanwata."

"Sannunku da aiki. Ita kwamfutar taku ce ta je gidan maƙwabciyata?"

Goggo ta fizgo aljihun teburin Baba, ta zazzage ɗaurin guntayen gaba ɗaya a kan tebur, robobin suna tsinkewa. Baba ya kama kai yana cewa a jere suke, a jere suke, babu wanda ya saurare shi. Muka shiga juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon suga na wani, mijin wata da ya gudu, ɗan wata da ke tsare. Mai kitso ta jawo benci ita ma ta sa hannu.

"Ke kar ki karanta na mutane," in ji Goggo.

"To da me zan nema, da hanci?"

"Ki duba naki kawai."

"Hajiya, sai na karanta zan san ba nawa ba ne."

Goggo ta ce in kashe fanka, don ta zaɓi wannan lokacin ta fara aiki, tana watsa sirrin jama'a ƙarƙashin kabad. Na durƙusa ina tsintowa. Bayan kusan awa ɗaya muka sami biyu: mai sa hannunta, da mai adadin 'ya'yanta. Wanda ke ɗauke da ciwon da lambar wayar babu shi.

"Da kun bar ni na yi magana," in ji Baba Sakatare, yana goge rularsa da hannun riga. "Ni ba na aiki barkatai. Goma-goma nake yankawa, in ɗora kashi a kan kashi. Daga guntuwa zuwa 'yar'uwarta, goma ne cif. Maƙwabciyar nan ta nawa ce ranar Talata?"

Na buɗe littafin masu zuwa. Ta uku ce.

"To ku duba na goma sha uku."

Wani dattijo ne mai gyaran agogo, da ya zo karɓar wa matarsa sanda. Teburinsa yana bakin titi, layi biyu daga shagon mai kitso.

"Kun ga amfanin tsari," in ji Baba.

"Malam, in ka ƙara cewa tsari, wallahi sai na karya rular nan." Goggo ta ɗauko waya. "Bari in kira shi in ce kar ya duba bayan takardar."

Mai kitso ta dafe wayar da tafin hannu. "Hajiya, don girman Allah. Ke in aka kira ki aka ce kar ki duba bayan takarda, me za ki fara yi?"

Goggo ta ajiye wayar. Sai ta juya kan Baba, wai wa ya ba shi izinin yanka fom. Shi kuma ya ce wa ya hana a sayo takarda tun bara, wa ya ce a riƙa tattali. Goggo ta ce za ta kira taron kwamiti. Mai kitso ta zauna tana kallonsu da guntayenta uku a hannu, ta ce ita fa an bar mata amarya da rabin kai a shago.

Na yago shafi daga littafin da nake rubuce-rubucena, na rubuta ranar dawowa, na sauka na nufi wurin mai gyaran agogon. Ina tafe ina bitar ƙaryar da zan yi, cewa an sauya lokaci, a ba ni tsohuwar takardar. Ni ko malamin aji ya tambaye ni sunana sai na yi in'ina.

Na tarar da dattijon da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin wani agogo. Na gaishe shi, na fara zancen sauya lokaci, na kakare a tsakiya. Ya ɗago ya dube ni. Ya buɗe wani ƙaramin gwangwani na ƙusoshin agogo, ya ciro takardar a ninke gida biyu, rubutuna a waje, ya manne bakinta da salatif.

"Wannan kike nema, jikata?"

Na gyaɗa kai.

"Na ga layin farko, na ga ba tawa ba ce, na rufe. Da Litinin zan kawo muku." Ya mayar da gilashinsa. "Tawa takardar fa, da na cike wa tsohuwa, tana hannun wa?"

Na ce zan duba. Na karɓi takardar na juya.

Da na koma, Goggo da Baba suna nan suna ta cacar baki. Na zagaya ta bayan benci na sa wa mai kitso takardar a hannu. Ta ɓare salatif ɗin da farce, ta duba, ta haɗa da sauran ukun ta tura can ƙasan jakarta.

"Ya karanta?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Ya ce layin farko kawai."

Layin farko shi ne ciwon. Lambar wayar tana can ƙasa.

"To," ta ce, ta gyara mayafi.

A lokacin Goggo ta jawo littafin masu zuwa tana lissafa mutum nawa aka ba guntaye tun bara, tana cewa sai an bi su gida-gida, kuma dole a sami mai ƙafa da zai yi wannan aikin. Baba yana rarrafe yana neman robobinsa. Na ɗauki jakata a hankali, na riƙe takalmana a hannu saboda matakalar tana da ƙara, na sauka.