Jinin da ke Katin Garbai

Ni fa har yau kaina bai gama ɗaukar zancen jinin nan ba. Sunana Garbai, Babarbare, lambu nake a wani kwari kusa da Gure. 'Yata Salima amosanin jini ke damunta tun tana goye. An yi mata ƙarin jini sau bakwai, a na takwas jikinta ya ƙi karɓa, sai rawar sanyi da fitsari ja.

Likita Lailatu, wata mai bincike daga jami'a, ta ce jini ba A da B da O ba ne kawai, akwai wasu ƙananan alamomi a jikin ƙwayoyinsa. To, ni da ja kawai na sani! Bara ta zo unguwarmu ta ɗibi jinin mutum ɗari biyu, ta ba kowa kati mai nuna irin jininsa.

Ranar da Salima ta kwanta a lopital, wato asibiti, idonta fari fat, likita ta tarye ni da murna.

"Malam Garbai, mun dace! Duk cikin waɗanda na gwada, naka kaɗai ya yi daidai da nata."

Gabana ya faɗi, amma na miƙa hannu na runtse ido. Ta gwada, ta tsuke fuska. Ta sake gwadawa, ta canza kwalba, ta kira abokin aikinta.

"Jinin mutum ba ya canzawa," in ji ta. "Katinka daban, jininka daban. In kuskurena ne, duk aikin bara ya lalace. Kuma yarinyar nan ba za ta iya jiran in faro daga farko ba."

Na dubi Salima tana numfashi sama-sama. Wallahi kunya ta kama ni, amma tsoron rasa 'yata ya fi ta.

"Likita, ba ni aka ɗiba ba."

Ni mutum ne da ba ya gudun kunama, amma allura, a'a. Ranar ɗibar jinin, mai unguwa ya ce magidanta su fara. Sai na lallaɓi Hamidu, Bafulatani mai kawo mini taki, abokin wasana. Ya ja rawani ya rufe fuska, da aka kira Garbai ya amsa.

Likita ta dafe kai. "Ina yake yanzu?"

Allah ya sa ranar kasuwa ce. Na hau moto, wato babur, na same shi a kasuwar dabbobi yana cinikin ɗan maraƙi. Na san na shiga uku, don tsakanin Babarbare da Bafulatani, abin da bai kai wannan ba ma sai an shekara ana yi maka dariya. Amma ina faɗa masa, ko dariya bai yi ba, ya bar maraƙin ya hau bayana.

Likita ta gwada, jini ya yi daidai. Da ta ɗauko babbar allura, sai na ga gumi na tsattsafo wa Hamidu.

"Kai Babarbare, riƙe mini hannu," in ji shi. "Ni ma tsoron abin nan nake."

"To bara me ya kai ka?"

"Salima na tsaye a layi tana kallon ka. Ita da ake soka wa allura kowane wata, in bar ta ta ga ubanta ya gudu?"

Na riƙe hannunsa har leda ta cika.