Ledar Malam Badamasi

Sa'adiya ba ta manta ranar da mahaifinta, Malam Badamasi, ya kwance buhun wakensa a Daudawa ba. Ya sayi buhun ne a kan irin wanda ke hana iska shiga ne, ashe ledar ciki jabu ce. Wake ya zama gari, ƙwari suna yawo. Haka aka yi wa manoma da yawa har garin Sabuwa. Mai sayar da irin wannan buhu ɓarawo ne, ko da yana sahun gaba a masallaci.

Da ɗakin binciken da take aiki ya samu damar sayen na'urar da ke haska roba ta faɗi irinta, ita aka ɗora wa zaɓi. Guda ɗaya za a saya, kuma idan ta kuskure, manoma za su sake tafka asara.

Dillalin na'urar, Zailani, ya jera na'urori biyu. Babbar tana ratsa leda da haske. Ƙaramar kuwa, a kan wani ɗan idon lu'ulu'u ake danna ledar. Ya gwada babbar da wata siririyar leda mai tsabta da ya zo da ita, zanen sakamako ya fito tsaf a allonta. Ran Sa'adiya ya biya. Sai ta tuna yadda Baba ke sayen hatsi a kasuwar Ƙanƙara: ba ya duban abin da aka zuba a faifai, ƙasan buhu yake sokawa.

Ta zaro guntun ledar jabun buhun Baba daga jaka, mai kauri, duk ƙura.

"Malam Zailani, gwada mini wannan."

"Haba Hajiya, wannan ai daga bola kika kwaso ta!"

"Ita ake sayar wa ubana. Taka wa ya taɓa zuba mata wake?"

Babbar ta kasa, haske bai ratsa kaurin ba. Ƙaramar ta nuna tsohuwar roba ce aka narka aka cakuɗa. Zailani ya yi dariya ya ce, "Wallahi kin fi ni gaskiya." Sa'adiya ta ɗauki ƙaramar.

Da kaka ta zo, ƙungiyar manoma ta aiko da yankin leda daga kowace dilar buhuna, aka ware na banza aka mayar.

Ana gab da shuka, Malam Badamasi ya kwance buhu, ya cusa hannu har gwiwa, ya damƙo na ƙasa. Wake garau.

"Alhamdu lillahi. Allah Ya yi wa injinki albarka."

"Baba, ai kai ka zaɓe shi."

Bai gane ba. Ya dai ce a ɗora tukunya.