Fumfunar da Ta Daina Farauta

Shekara shida ina kiwon fumfuna a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ba irin wadda ke fitowa a kan burodi ba, wannan mafarauciya ce. Zarge take ɗanawa, 'yan mitsi-mitsi, ta shaƙe tsutsotsin cikin ƙasa masu cinye saiwar shuka. Aikina in zauna gaban madubin bincike da allura, in tsince zargen ɗaya bayan ɗaya daga jikin zaren fumfunar, don a gano waɗanne ƙwayoyin gado ne ke farkawa a cikin tarkon, waɗanne ke barci. Ladan da na samu ciwon wuya da gilashin ido.

Da aka rubuta sakamakon za a aika wa mujalla, na ga sunaye huɗu, babu nawa. Na farko na sabon Daktan da aka kawo mana ne, mutumin da bai cika wata biyar a wurin ba. Na same shi a ofis, na tambaya cikin ladabi.

"Malama, ai ke hannu ce a aikin, ba kai ba," in ji shi, yana murmushi. "Amma mun gode miki a ƙasan shafi."

Na riga na faɗa wa 'yata za ta ga sunan uwarta a buge. Ranar na tsani mutumin nan har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

A makon ya karɓe ɗakin, ya mayar da ni wankin kwalabe. Yana shiga ya ga tukwanena uku na ƙasa a bayan firji, ya yatsine fuska ya ce wannan ƙazanta ce, a zubar. A cikinsu nake ajiye uwar fumfunar, ina bar ta da yunwa, ina zuba mata tsutsotsi duk mako don kada hannunta ya mutu. Shi kuwa ya fi son ya riƙa dasa ta a faranti mai abincin sukari, tana yin bul-bul, fara tas kamar auduga. Na san in aka daɗe ana yi mata haka, wata rana ko an hana ta abinci ba za ta ƙara ɗana tarko ba.

Na buɗe baki, sai na tuna ni hannu ce. Na ɗauki tukwanen na juye su a shara da kaina. Da na so, da na ɓoye guda a jaka. Ban so ba.

Wata bakwai ina dafa masa abincin sukarin nan, ina goge farantan har suna ƙyalli. Sai mujallar ta aiko cewa a maimaita gwajin kafin ta buga. Dakta ya hana fumfuna abinci, ya zuba tsutsotsi, ya jira. Shiru. Ya canza ruwa, ya canza zafin ɗaki, ya zagi mai gyaran firji. Ni ina gaban famfo ina wanki, har da 'yar waƙata.

Ranar wata Laraba ya zo wurin wankin, ya rame, riƙe da takarda.

"Yaya," ya ce, shi da bai taɓa kirana haka ba, "duba nan. Na sa sunanki na biyu. Ki taimaka ki fito mana da tarkon."

Na tsane hannuna a hankali, na karanta sunan sau biyu. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Na koma kujerata ina taƙama, don na ɗauka ni dai ba za ta ƙi ni ba. Mako uku ina yi mata duk dabarar da na sani. Na samo sabuwar ƙasa, na zaɓo tsutsotsi masu kuzari, na bar ta da yunwa har ta yi siriri. Kullum in leƙa madubi, tsutsotsin na yawo a kanta hankali kwance, ko zarge ɗaya babu.

Dakta ya janye takardar daga mujallar. Da zai fita ya ajiye mini shafin farko a kan tebur. Na ninke shi na kai gida. 'Yata ta karanta sunan tana tsalle, ta ce, "Umma, yaushe za a buga?"