Baitin da Aka Tsallake

Shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, Attahiru Ambursa yana da shiri a gidan rediyo a Birnin Kebbi duk ranar Asabar. Aikinsa ya je inda ake kiɗa, ya saurara, ya dawo ya faɗa wa jama'a abin da kunnensa ya ji. Makaɗa na shakkar bakinsa, don ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Wata Laraba saƙo ya iso masa daga Argungu. Wani tsohon makaɗi mai suna Hodi ya tara mata goma sha biyu 'yan amshi da makaɗa bakwai, za su farfaɗo da waƙoƙin masunta na da, waɗanda aka yi shekara arba'in ba a ji su a fili ba. Abin da ya fi jan Attahiru shi ne kayan kiɗan. Babu sabo ko ɗaya. Gogen na kakan Hodi ne, tsirkiyarsa izgar doki ce, gangunan kuma daga ɗakin ajiya aka fito da su aka sake musu fata.

Attahiru ya je Argungu. Bayan la'asar aka fara, a wani fili kusa da gulbi. Sautin ya fi na kayan zamani zurfi da kaushi. Danshin ruwa yana sassauta tsirkiya, sai Hodi ya tsaya ya gyara ta, ba wanda ya yi ko tari. Matan sun rabu gida biyu, waɗannan su ɗauka, waɗancan su amsa.

A tsakiyar waƙa ta huɗu, Kulsumi, wadda ke jagorantar matan, ta rufe baki. Sauran ma suka yi shiru. Goge da ganguna suka ci gaba su kaɗai na kusan minti guda. Tsofaffin da ke kan tabarma suka sunkuyar da kai, ɗayansu ya ɗauki takalmansa ya tafi. Sannan Kulsumi ta ɗora kamar ba abin da ya faru.

Da aka tashi Attahiru ya tari Hodi.

"Baba, mi ya sa sunka yi shiru wurin nan? Akwai baiti."

Hodi ya ci gaba da naɗe gogen a tsumma, bai ɗago ba.

"Malam Attahiru, ka faɗi abin da ka ji. Wanda ba ka ji ba, ka bar shi inda ka ishe shi."

Attahiru bai bar shi ba. Kwana biyu ya yi yana tonon tsofaffin faya-fayan da aka kwaso daga Sakkwato lokacin da aka raba jiha, har ya samu wani da aka ɗauki muryar wani tsoho yana rera waƙar cikakkiya. Baitin ya ambaci wani mutum da sunan gidansu, wanda ya kifar da jirgin 'yan kasuwa da gangan saboda rigimar wurin kamun kifi, mutum ashirin suka nutse. Attahiru ya ɗauka tsohon labari ne da ba ya cizon kowa.

Ranar Asabar ya yabi gogen, ya yabi muryoyin matan. Sannan ya ce duk wanda ya tashi dawo da tsohon abu, to ya dawo da shi gaba ɗaya. Ya sa faifan, duk jihar ta ji.

Mako ya zagayo ba saƙon godiya, ba na zagi. Shirun ya dame shi, sai ya hau mota zuwa Argungu. Ya sami Hodi a zaure, gangunan a jere gabansa, kowace an tsarge fatarta da wuƙa.

"Wa ya yi haka, Baba?"

"Ban tambaya ba." Hodi ya dube shi. "Wanda ka kira sunanai kakan Kulsumi ne. Uku cikin matan kuma jikokin waɗanda sunka nutse ne. Shekara biyu ina bin gidajensu kahin su yarda su zauna tabarma ɗaya, bisa sharaɗin ba mai taɓa wancan baiti. Jiya an ƙone kwale-kwale biyu a bakin gulbi."

"Bari in je in ba su haƙuri."

"Kada ka je. Ka kama hanya tun da rana."

Ya kama hanyar. A Birnin Kebbi ya tarar da matarsa Sa'ida tsaye a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba. Ta ce wasu mutum biyu sun zo, ba su faɗi sunansu ba, sun dai tambayi wace hanya yake bi zuwa aiki.

Washegari shugabansa ya dakatar da shirin. 'Yan amshin Hodi ba su sake haɗuwa ba. Kwana huɗu Attahiru bai leƙa ko ƙofar gida ba. A rana ta biyar, da hantsi, yana zaune Sa'ida na haɗa kayansu a akwati za su koma Ambursa, sai aka yi sallama a waje da wata murya da bai sani ba. Aka sake yi, a natse, aka kira shi da sunan mahaifinsa.